Kwalbar Maganin Aritaake

Aritaake ta zazzage akwatin nan kaf a kan tabarma. Zannuwan zuwa coci, gidan sauro, kayan jaririn da ta ɗinka da hannunta, har da mataccen agogon mijinta, duk suka fito. Kwalbar magani ce kaɗai ba ta fito ba. Ta sake kakkaɓe zannuwan ɗaya bayan ɗaya, ta zura hannu ƙasan akwatin tana nishi, don cikin nata ya tsufa, sunkuyawa ma aiki ce. Babu.

Kwalba biyu Nas Rakera ta haɗa mata a zuwanta asibiti na ƙarshe, saboda lokacin iska ya kama, jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin daga Tarawa, babban birni, kuwa ba shi da rana. Ta farko ta ƙare jiya. Ta biyun ce za ta kai ta haihuwa, har ta yi saura.

Ciwon hanta a gidansu Aritaake gado ne. Kakarta ta ba 'ya'yanta a wajen haihuwa, uwarta ta ba nata. Uwar ta mutu Aritaake tana ƙarama, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. Yayanta Bauro, ƙaton masunci da ke ɗaga kwale-kwale shi kaɗai, haka ya bi ta tun bai yi furfura ba. Da aka auna jinin Aritaake aka ga cutar ta yi mata yawa, sai Nas Rakera ta ce akwai ƙwayar da za ta danne ta, idan aka haɗa da allurar da ake yi wa jariri ranar haihuwa, da wuya ya ɗauka. Sharaɗi ɗaya ne: kullum, ba fashi.

Kuma ƙwayar ba ta zo da wasa ba. Makonnin farko kanta ya yi ta sarawa, jiri ya riƙa ɗibarta a bakin rijiya, cikinta ya yi ta kumburi da iska, ga kasala kamar an yi mata duka. Duk wata sai ta kai fitsari a duba, don maganin yakan taɓa ƙoda. Matan ƙauye suka sa ta gaba, wai ina aka taɓa ganin mai ciki tana haɗiyar abin da ke kayar da ita, wai ɗan zai fito a lalace. Ta ce da su ai dama a lalace ake fitowa a gidansu, bari ta gwada wata hanyar. Daga nan suka kama bakinsu.

Ta leƙa waje. Mijinta Teweia yana zaune a gindin kwakwa yana ɗinkin raga, ya ba gida baya, abin da ba ya yi.

"Teweia! Ina kwalbata?"

"Wace kwalba?"

"Kwalbar bammi! Kwalbar me nake da ita a gidan nan, in ba ta magani ba?"

Ya ci gaba da ɗinki, amma hannunsa ya fara kuskuren ƙulli. Aritaake ta sauko daga dandamalin ɗakin, ta zagayo gabansa ta tsaya, ta riƙe ƙugu.

"Ɗago ka dube ni."

Ya ɗago ya yi tsuru-tsuru. "Kawu ne ya zo," ya ce. "Kawu Kabuati. Ranar da kika tafi saƙar tabarma da matan coci. Da sanda ya zo, Aritaake, yana tafiya yana hutawa. Ya zauna nan inda kike tsaye. Ya ce ya ji kina da maganin hanta." Ya dubi ragar. "Ya ce bubuti."

To, bubuti dai bubuti ne. Idan ɗan'uwa ya buɗe baki ya ce bubuti a kan abinka, abin ya tashi daga naka. Keke ne, raga ce, rigar da ke jikinka ce, kai har ɗa ana bayarwa. Ba a cewa a'a, kuma ba a bin sawun abin da aka bayar. Da shi muke rayuwa a tsibirin nan, shi ya sa ba wanda ke kwana da yunwa, shi ya sa kuma ba wanda ke tara komai. Ni mai ba ku labari rediyona biyu suka tafi ta haka, ban ce uffan ba. Amma fa rediyo ne.

"Tun ranar saƙar tabarma?" in ji Aritaake. "Mako nawa ke nan kana kwana kana tashi da ni, bakinka a ɗinke?"

"Na ɗauka jirgi zai zo kafin ta farkon ta ƙare."

"Ka ɗauka! Kai ne matuƙin jirgin?"

"Haba, Aritaake. Me kike so in ce masa? Mutumin da ya riƙe ki, mutumin da ya ba ni ke? In dubi idonsa in ce babu? Da wane baki zan sake shiga zauren gari?"

"Da bakin da za ka gaya wa ɗanka dalilin da ya sa idonsa ya yi ɗorawa."

Teweia ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, wannan kowa ya sani. Mutumin kirki ne ƙwarai, kuma kirkin nasa ne ya fi ƙona mata rai. Ta zura takalmanta na roba ta kama hanyar asibiti, ba ta ko rufe akwatin ba.

Asibitin ƙauyen ɗaki biyu ne da tankin ruwan sama. Ta tarar da Nas Rakera tana wanke wa wani tsoho gyambo. Rakera ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Wannan fuska ba ta awo ba ce. Me ya faru?"

Aritaake ta gaya mata. Rakera ta ajiye almakashi a faranti da ƙarfi.

"Kai, mutanenmu! Rannan wata ta ba da maganin hawan jininta bubuti, yau kuma wannan. Sai ka ce sukari ne." Ta share hannu a jikin riga. "Ba ni da wata, Aritaake. Da suna ake aiko shi, kwalbarki kwalbarki ce. Zan yi magana da Tarawa ta rediyo, amma ko sun sa a jirgin farko, kin ga dai yadda teku take."

"In na tsaya har jirgi ya zo fa?"

"Cutar ta farka. Wannan magani ba kashe ta yake ba, danne ta yake. Kika ɗaga mata ƙafa, za ta taso da ƙarfinta, daidai lokacin haihuwa. Ke kanki tana iya kayar da ke, ki yi ciwon shawara a kan tsohon ciki. Shi kuwa yaron..." Ba ta ƙarasa ba, ta dubi cikin. Can ta zabura. "Tsaya. Kabuati ne ke sha? Kabuati mai ciwon suga?"

"Shi."

"Wayyo Allah! Ƙodarsa dama saura ƙiris. Shi ya sa ban sa shi a kai ba. Nasa ciwon ya wuce ƙwaya, na gaya wa matarsa, na gaya wa 'ya'yansa. Wannan ba abin da zai ƙara masa sai wahala." Ta kama hannun Aritaake. "Ga hanya nan ta samu. Bari in gama da Baba, mu tafi tare. Ni zan ce maganin na cutar da shi, in karɓe a matsayina na nas. Ba ruwanki, ba wanda zai ce kin bi sawun bubuti."

Aritaake ta juya maganar a ranta. Dabara ce mai kyau, kuma gaskiya ce. Amma ta san mutanenta. Nas za ta karɓa yau, gobe Kawu ya aiko a ce bubuti, Teweia ya sake buɗe akwati. In ba Kawu ba, wani. Rabin ƙauyen nan da ciwon suke yawo, kuma yanzu kowa ya san inda kwalba take.

"Ki gama aikinki ki biyo ni," ta ce. "Yana bukatar ki duba shi. Amma kwalbar ni zan karɓo."

"Ke kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani."

Gidan Kawu Kabuati yana can ƙarshen ƙauye, kusa da inda ake shanya kwakwa. Hanya ɗaya ce tal, kowa kuma yana bakin ƙofarsa. "Ina zuwa, Aritaake?" "Gaba kaɗan." "Da wannan rana, da wannan ciki?" "Da su." Rana ta take, farar tsakuwa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, yaron yana ta shuri. Tana tafe tana tuna mutumin da za ta je ta kunyata. Shi ya ɗauke ta daga gefen gawar uwarta ya saɓa a wuya. Shi ya koya mata iyo, ya sayar da kwale-kwalensa ya kai ta makaranta. Ba ta taɓa neman abu a wurinsa ya hana ta ba. Tana son sa, ba ta da wani uba sai shi. Hawaye ya zo, ta share da bakin zane, ta ƙara sauri.

Gidan ya cika, kamar yadda gida ke cika idan tsoho ya kwanta. 'Ya'ya, surukai, jikoki, dattawa biyu daga zauren gari, matan coci da littattafan waƙa. An kewaye shi a kan dandamali, an naɗe asabarin gefe don iska ta shiga. Matarsa, Inna Tokanikai, tana yi masa fifita, ga wani kwano a gefenta an rufe da tsumma.

Aritaake ta ƙare masa kallo. Ƙafafunsa sun kumbura suntum, fata tana ƙyalli. Leɓe ya bushe, warin amai ya cika wurin. Amma yana ganinta ya yi murmushi.

"Ga kaguwata nan! Dubi yadda take tafiya a kaikaice. Ke, tagwaye ne ko kifi kika haɗiye?"

Aka yi dariya. Ta hau dandamalin da ƙyar, ta rarrafa ta durƙusa kusa da shi.

"Sannu, Kawu. Yaya jiki?"

"Jiki ya yi kyau. Maganin nan naki, 'yar nan, yana da ƙarfi! Shi ya sa ban tsaya ɗaya-ɗaya ba, safe da yamma nake sha, wani lokaci in ƙara da rana. Yana fitar da cutar ta baki."

"Kwana biyu ke nan bai yi fitsarin kirki ba," Inna Tokanikai ta faɗa a hankali, ba ta dubi kowa ba.

"Rabu da ita, ba ta san aikin magani ba."

Kwalbar tana hannunsa na dama, ya rungume ta a ƙirji. Da ya motsa, Aritaake ta ji ƙarar ƙwayoyin a ciki. Ƙarar ba ta da yawa. Nan take ta shafa wa idonta toka.

"Kawu, na zo karɓar maganina."

Fifitar Inna Tokanikai ta tsaya a sama. Wani jariri da ke kuka ma uwarsa ta cusa masa nono.

"Me kika ce?"

"Maganina na zo karɓa."

Kawu ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Rana ta taɓa ta. Ku ba ta ruwan kwakwa."

"Lafiyata ƙalau. Teweia ya ba da abin da ba nasa ba."

"Abin mijinki da naki dabam ne?" Wannan babbar 'yar Kawu ce, Kaariti, wadda suka tashi da Aritaake a tabarma ɗaya. "Ke Aritaake, kin haukace? Bubuti ya yi fa! A gaban mutane za ki tozarta shi?"

"Ban zo da tozarci ba, Yaya. Nas ta ce maganin yana kashe masa ƙoda. Ku dubi ƙafafunsa. Tana nan tafe, ku tambaye ta."

"Af, to," in ji ɗaya daga cikin dattawan, ya gyara zama, har fuskarsa ta saki. "In haka ne ai magana ta canja. Yarinya tausayin kawunta take ji. Kabuati, ka ji. Ba bin sawu ta zo yi ba, lafiyarka ta kawo ta. A ajiye maganin a hannun Tokanikai har nas ta iso."

Aka fara gyaɗa kai ta ko'ina. Mutane sun sami mafita, kowa ya ji daɗi. Ba a karya al'ada ba, ba a kunyata tsoho ba, ita ma an wanke ta. Abin da ya rage kawai ta yi shiru.

Kawu Kabuati bai gyaɗa kai ba. Ya san ta tun tana tsumma. Ya ƙura mata ido, idon nan da ya yi ɗorawa irin na uwarta.

"Haka ne, kaguwa? Don ni kika zo?"

Da ta ce e, da an wuce wurin. Kowa ya buɗe mata ƙofa, har da shi. Amma kwalbar za ta zauna a gidan nan, a hannun Inna Tokanikai wadda ba ta taɓa yi masa musu ba, kuma kafin dare ya ce a miƙo.

"A'a, Kawu. Don ɗana na zo."

"Ɗan da ba ki taɓa ganin fuskarsa ba."

"Shi."

"Ni kuwa da na goya ki?"

"Kai ka goya ni. Kai ka binne mahaifiyata, kai ka binne Bauro, ina tsaye ina kallo. Kaka ta ba ku ciwon, mahaifiyata ta ba mu, kowa ya karɓa ya miƙa wa na gaba kamar tukunyar gado. Ni ba zan miƙa ba. A kaina za ta tsaya."

"Ji bakinta!" in ji Kaariti. "Wa ya gaya miki ke ce Allah?"

"Ba ni ce Allah ba. Ni ce dai mai kwalbar."

"Tir! Wallahi kika taɓa shi, ba ke ba gidan nan. Kuma ki sani, ranar naƙuda kada ki aiko neman babur, kada ki aiko neman ko ashana."

"Na ji. Zan taka da ƙafata."

Dattijon ya ɗaga hannu. "'Yata, ki yi tunani. Wanda ya bi sawun bubuti, ba mai sake roƙonsa, shi ma ba ya sake roƙon kowa. A tsibirin nan mutum ba ya rayuwa haka. Tun kakanninmu ba a taɓa yi ba."

"Tun kakanninmu ba a taɓa samun maganin ba, Baba."

Ta matsa ta ɗora hannunta a kan na Kawu. Hannun ya yi sanyi, ya rame, duk da kumburin ƙafafu. Ya damƙe kwalbar. Wannan hannun da ke hawa kwakwa safe da yamma yana tatsar bammi yana waƙa, wanda ya taɓa ɗaga ta sama da shi kaɗai, yau ba shi da ƙarfin na yaro. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan, saukin da abin ya yi. Ta ɓamɓare ɗan yatsa na farko, ta ɓamɓare na biyu. Wata daga matan coci ta rufe fuska da littafinta. Ba wanda ya tashi ya hana ta, don ba wanda ya san yadda ake hana abin da ba a taɓa yi ba.

Kawu ya daina ja. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ita kaɗai da Inna Tokanikai suka ji sosai.

"Gaya mini gaskiya, 'yar nan. Da a ce yana warkar da ni fa? Da a ce nas ta ce shi zai tashe ni?"

Aritaake tana kuka yanzu, ba ta ɓoye ba, hawaye yana ɗiga a kan hannunsa. Tana iya cewa ba ta sani ba. Mutum ne a bakin kabari, ƙarya ɗaya ba za ta rage mata komai ba. Amma bai taɓa yi mata ƙarya ba, kuma gaskiya ya tambaya.

"Ko da yana warkar da kai, Kawu, da sai na karɓe."

Ya saki kwalbar.

Ta buɗe ta leƙa. Saura kaɗan a ƙasa, ko su kai ta haihuwa ko su gaza da 'yan kwanaki, ya danganta da gaggawar yaron. Ta zazzago ɗaya a tafin hannu. Ba wanda ya miƙo mata ruwa, ita ma ba ta roƙa ba. Ta tara yawu ta haɗiye ta haka nan a gabansu duka, ta ji tana kankare mata maƙogwaro har ƙasa. Ta ƙulle kwalbar a bakin zaninta, ƙulli biyu.

"Sai anjima, Kawu."

Ya juya fuskarsa wajen teku. "Tokanikai," ya ce, "akwai baƙuwa a gidan nan. Nuna mata hanya."

Ta sauko daga dandamalin da baya, tana dafa ginshiƙi. Takalminta ɗaya ya shige ƙarƙashin ɗaki, ta durƙusa da cikin nan ta zaro shi da kanta, mutum kusan talatin suna kallo. A bakin hanya ta yi kiciɓis da Nas Rakera tana tahowa a kan keke da jakarta. Rakera ta dubi ƙullin zanen, ta dubi fuskarta.

"Kin karɓo?"

"Na karɓo. Yi sauri, ba ya fitsari." Ta ja hanci. "In ya cika, Rakera, ke ki zo ki gaya mini. Su ba za su aiko ba."